Ciyawa a Kan Soro: Tarihin Majami'un Ƙasa na Aislan da Abin da Suke Koya Mana



Duk wanda ya tashi a gidan soro ya san abin da ke faruwa da zarar ruwan farko ya sauka. Kwana kaɗan sai ka ga tsiro ya fito kore shar a kan rufin, musamman kusa da bakin indararo. Maigida ba ya murna da shi. Yakan tura yaro ya hau ya tuge, domin saiwa tana buɗe wa ruwa hanya, kafin a ankara ɗaki ya fara yoyo. Wadda aka manta ba a tuge ba ma ba ta zuwa ko'ina. Ƙasar ba ta da zurfi, rana ta kwana biyu ta ishe ta bushewa.

Mutanen Littafi Mai Tsarki sun san wannan ciyawa kamar yadda muka san ta, domin rufinsu ɗan'uwan namu ne. Sukan jera gumagumai, su shimfiɗa rassa da kara, su zuba laka su daddaɓe, su riƙa gyara shi kowace shekara. A kan irin wannan rufi Rahab ta ɓoye 'yan leƙen asiri a Yariko. Irinsa ne mutum huɗu suka haƙe a Kafarnahum suka zuraro abokinsu shanyayye gaban Yesu, a Markus sura 2. A kan irinsa Bitrus ya hau yin addu'a a Yafa. Shi ya sa da marubucin Zabura 129 ya so ya kwatanta ƙarshen masu ƙin Sihiyona, bai je nesa ba, ya ɗauko ciyawar kan soro, wadda takan mutu tun ba ta kai a yanka ba.

To, akwai wata ƙasa a can arewacin duniya inda Kirista suka yi shekaru ɗaruruwa suna sujada a ƙarƙashin rufin ciyawa, kuma ciyawar ce take riƙe da rufin. Tarihinsu za mu duba yau. Amma bari mu fara ratsawa ta fadar sarakuna.

Lambun sarakuna

Tsoffin marubutan Helenawa da Romawa sun ba da labarin wani lambu da aka dasa bisa gini, hawa a kan hawa, ana janyo masa ruwa daga ƙasa zuwa sama. Sun lissafa shi cikin abubuwan al'ajabi bakwai na duniya. Yosifus, marubucin tarihin Yahudawa, ya kawo labarin cewa Nebukadnezzar na Babila, wanda ya yi sarauta daga 605 zuwa 562 kafin haihuwar Kristi, shi ya gina shi domin matarsa mai kewar duwatsun ƙasarsu. Wata masaniya ta Jami'ar Oxford, Stephanie Dalley, ta kawo hujjoji cewa lambun a Nineba yake, kuma Sennakerib sarkin Assuriya ne ya yi shi, domin shi ya bar rubutu game da lambunsa da magudanan ruwan da ya gina.

Ko wanne ne a cikin biyun, mun san shi a Littafi Mai Tsarki. Sennakerib ne ya kawo wa Yahuza yaƙi a zamanin Hezekiya, a shekara ta 701 kafin haihuwar Kristi. A amsar da Ubangiji ya ba shi ta bakin Ishaya, sura 37, an kwatanta mutanen biranen da ya ci da ciyawar kan soro, aka kuma tuna masa cewa ba ƙarfinsa ya yi wannan ba. Nebukadnezzar kuwa, a Daniyel sura 4, yana yawo ne a kan rufin fadarsa lokacin da ya dubi Babila ya yabi kansa. Daga kan rufin nan aka sauko da shi jeji, ya koma cin ciyawa kamar sa, har ya gane wanda yake mulki. Yau ko tubali ɗaya na wannan lambu ba a iya nunawa da tabbaci.

Ƙasar da itace ya ƙare

Aislan tsibiri ne a tsakiyar tekun Atlantika ta arewa, ƙasar sanyi da iska da duwatsu masu aman wuta. Mutanen Norwe da na tsibiran Birtaniya suka fara zama a cikinsa wajen shekara ta 874. Masana suna kiyasin cewa a lokacin kashi 25 zuwa 40 cikin ɗari na ƙasar kurmi ne na wani gajeren itace da suke kira birki. Baƙin suka sare shi domin gona da makamashi da gawayin ƙira, tumakinsu kuma suka hana sabon tsiro tashi. Cikin 'yan ƙarnuka kurmin ya tafi, iska ta bi baya ta kwashe ƙasar noma. Har yau, duk da shekarun da aka yi ana dashe, itatuwa ba su rufe fiye da kusan kashi 2 cikin ɗari na tsibirin ba.

A shekara ta 999 ko 1000 ne bangaskiyar Kirista ta zama ta dukan ƙasar. Mutane sun rabu biyu a babban taronsu na shekara, saura kaɗan a zubar da jini. Sai aka miƙa maganar ga mai riƙe da dokar ƙasa, Thorgeir, wanda shi kansa mai bin allolin gargajiya ne. Ya lulluɓa da mayafi yini da kwana yana tunani, da ya tashi ya yanke cewa ƙasa ɗaya ba za ta zauna da doka biyu ba, kowa a yi masa baftisma. An bar wasu tsofaffin al'adu na ɗan lokaci, daga baya aka soke su. Bishop na farko ya zauna a Skalholt a 1056, aka kafa kujera ta biyu a Holar a 1106.

Ga ikkilisiya ta kafu, amma da me za a gina majami'a? Manyan majami'un bishop da katako aka yi su, wanda ake ɗaukowa a jirgin ruwa tun daga Norwe. Ta Skalholt gobara ta cinye ta fiye da sau ɗaya. Manomin ƙauye ba shi da kuɗin katakon Norwe. Abin da yake da shi uku ne: dutse, da gumaguman da teku ke turowa gaɓa, wasu tun daga kogunan Siberiya, da kuma fadama.

Yadda ake gina ɗaki da fadama

A fadamar Aislan saiwoyin ciyawa sukan sarƙe da juna har su zama kamar tabarma mai kauri. Magini yakan zo da wuƙa ta musamman ya yanki wannan ɓawon ƙasa da saiwarsa, ya bar shi ya sha iska. Za mu iya kiransa tubalin ciyawa. Wani ana yanka shi dogo kamar shimfiɗa, wani kuma mai kai ɗaya da faɗi, ɗayan siriri, a jera su a karkace, layi ɗaya ya kwanta dama, na bisansa ya kwanta hagu, a sa dogon a tsakaninsu ya ɗaure su. Tushen bango dutse ne. Bangon yakan kai mita ɗaya ko fiye a kauri. A ciki ake kafa ginshiƙan katako kaɗan da za su ɗauki rufi, sa'an nan a lulluɓe rufin da tubalin ciyawa, fuskar ciyawar tana kallon sama domin ta ci gaba da rayuwa.

A nan gwanintar take. In rufin ya kwanta da yawa, ruwa yakan zauna ya ratsa. In ya miƙe da yawa, ruwa yakan zube da sauri, ciyawar ta bushe, ƙasar ta tsage, kuma mun san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dole magini ya san ruwan yankinsa kafin ya yanke tsayin rufi. A Norwe, inda itace bai ƙare ba, sukan shimfiɗa ɓawon itacen birki hawa-hawa a ƙarƙashin ƙasar. Ɓawon ne ke tare ruwa, ƙasar kuma tana danne shi, tana hana ɗumin ɗaki fita.

Irin wannan gini ba a gama shi a tafi. Saiwa takan ruɓe, bango yakan zauna. Kowace tsara sai ta sauke wani sashe ta sake ɗora shi, a cire katakon da yake da sauran ƙarfi a mayar da shi wurinsa. Saboda haka majami'ar da ba ta da masu kula da ita takan koma tudu cikin shekaru kaɗan. Wadda take tsaye, shaida ce cewa akwai jama'ar da ba su gaji ba.

A cikin irin waɗannan ɗakuna Maganar Allah ta shiga harshen mutanen. Wani saurayi mai suna Oddur Gottskalksson, wanda ya karɓi koyarwar Luta a ƙasashen waje, yana aikin magatakarda wurin bishop na Skalholt, wanda ba ya son wannan koyarwa ko kaɗan. Tarihin ƙasar ya riƙe cewa a garken shanu Oddur ya zauna yana juya Sabon Alkawari, domin can ne akwai ɗumi, can ne kuma ba mai leƙa shi. An buga aikinsa a Danmak a 1540. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a Holar a 1584, ta hannun Bishop Gudbrandur Thorlaksson. A dogayen dararen hunturu, iyali sukan taru a ɗaki ɗaya ƙarƙashin rufin ciyawa, hannuwa suna saƙar ulu, mutum ɗaya yana karatu da ƙarfi a hasken fitilar mai. A nan yara suka koyi karatu, a nan aka yi sujadar gida a ranakun da dusar ƙanƙara ta tare hanyar majami'a.

Shida da suka rage

Yau majami'un ciyawa shida ake lissafawa a Aislan. Ta Grof, a arewa, tun ƙarshen ƙarni na 17 take. An daina sujada a cikinta a 1765, ta zama ɗakin ajiya na gona, har aka sake gina ta aka keɓe ta kuma a 1953. Ta Widimiri, wadda kafinta Jon Samsonarson ya gina a 1834, katakonta na bakin teku ne, kuma ana ɗaukarta ɗaya daga cikin mafi kyaun gine-ginen gargajiyar ƙasar. Ta Saurbaer an gina ta a 1858.

Ta ƙarshe da aka gina bisa tsohon salo ita ce ta Hof, a 1884, aikin kafinta Pall Palsson. Rufinta falalen dutse ne aka lulluɓe da ciyawa, har ya gangaro ya haɗu da ƙasa. Daga gefe, sai ka ce tudu ne aka sa wa ƙofa da taga. Yankin da take yana gindin wani dutse mai aman wuta wanda ƙanƙara ta rufe kansa. A 1362 dutsen ya fashe ya shafe gonakin yankin gaba ɗaya, har da mutane suka dawo sunan wurin ya koma Oraefi, wato kufai. Ya sake yin aman wuta a 1727. Jikokin waɗanda suka koma kufai su ne suka gina majami'ar Hof, kuma har yanzu majami'ar jama'ar wurin ce.

Kada mu yi wa tarihin nan ado fiye da kima. Gidan ciyawa na talaka yana da duhu da laima da hayaƙi, ciwon ƙirji kuma ya yi ɓarna a cikinsa. Da kwanon rufi ya fara shigowa daga Birtaniya a ƙarshen ƙarni na 19, siminti kuma ya biyo baya, mutane sun karɓe su hannu biyu, kuma suna da dalili. Abin baƙin ciki shi ne kunyar da ta biyo. Gidan ciyawa ya zama alamar talauci da ƙauyanci, aka riƙa rushe su da tarakta, gwanayen yankan fadama suka tsufa ba magada. Sai da saura kaɗan aka farga. Gidan tarihin ƙasar ya ɗauki nauyin waɗanda suka rage, a 2011 kuma Aislan ta sa wannan salon gini cikin jerin abubuwan da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya.

Yadda ciyawa ta koma kan rufi

Abin da ƙauye ya yar, birni ne ya dawo ya tsinta. A ƙarshen ƙarni na 19 an gina gidajen haya da yawa a Balin ta Jamus da rufin kwalta, aka zuba yashi da tsakuwa a kai saboda tsoron gobara. Iska da tsuntsaye suka kawo iri, tsiro ya fito da kansa. Bayan shekaru da yawa masana tsirrai suka hau suka duba, suka tarar rufin da yawa suna nan lafiya, domin ƙasar ta kāre kwaltar daga rana da sanyi.

Daga nan Jamusawa suka mai da abin ilimi. Rufin shuka na zamani hawa-hawa ne: shimfiɗar da ke hana ruwa ratsawa, wadda ke tare saiwa, wadda ke ba ruwa hanyar fita, sa'an nan ƙasa marar nauyi da tsirrai masu jure fari. Amfaninsa a fili yake. Yana shanye ruwan sama ya sake shi a hankali, kwalbatoci ba sa cika lokaci ɗaya. Ganye yana fitar da laima, rufin ba ya ɗaukar zafi kamar kwalta ko kwano. Birnin Stuttgart, wanda ke cikin kwari inda iska ba ta zagayawa sosai, ya fara taimaka wa masu irin wannan rufi da kuɗi a 1986. Basel ta Siwizalan ta sa shi cikin dokar gini a 2002 ga sababbin gine-gine masu shimfiɗaɗɗen rufi. Toronto ta Kanada ta yi tata dokar a 2009.

A Shikago ta Amurka mutuwa ce ta tura su. Zafin watan Yuli na 1995 ya kashe mutum fiye da 700, yawancinsu tsofaffi da matalauta da ke zaune su kaɗai. A 2001 aka kammala lambu a kan rufin ofishin magajin gari. Rabin ginin na wata hukuma ce, rufinta baƙar kwalta. Da aka auna a wata ranar Agusta, gefen kwalta ya haura digiri 70, gefen shuka bai kai 50 ba.

Mu fa?

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauki kwandon ƙasa ya hau rufin majami'a. Ƙasar gona mai kaurin santimita 10, in ta jiƙe, nauyinta a kan murabba'in mita ɗaya ya wuce buhun siminti uku. Katakon da aka yi domin kwano ba zai ɗauka ba. Ranin wata shida ko bakwai kuma ba irin na Aislan ba ne. Mai son rufin shuka sai da dakali na kankare da shawarar injiniya. Darasin Hof shi ne mutane sun dubi ƙasar da Allah ya ajiye su, suka yi gini da ya dace da ita.

Mu ma muna da namu. A Wusasa, kusa da Zariya, majami'ar St. Bartholomew tana tsaye tun 1929, ginin ƙasa bisa salon maginan Hausa. Kakanninmu sun san azarar giginya da gara ba ta ci, sun san makuba da laso, sun san bango mai kauri yakan riƙe sanyin dare har tsakar rana. A Gando ta Burkina Faso, Francis Kere da mutanen ƙauyensu sun gama wata makarantar firamare a 2001 da tubalin ƙasa. Ya ɗaga kwanon sama, nesa da silin na laka, domin iska ta ratsa tsakani ta kwashe zafi. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, wadda ta fi kowace daraja a fannin zanen gini.

Yanzu ku tuna sujadar ƙarfe goma sha ɗaya a watan Afrilu, a ƙarƙashin kwano marar silin. Jarirai suna kuka, iyayenmu mata suna fifita da takardar shirin sujada, dattijo mai hawan jini ya fita waje tun ba a kai wa'azi ba. Kuɗin baiko yana tafiya a man janareta domin fanka ta juya iska mai zafi. Sau da yawa ba rashin kuɗi ya kai mu nan ba. Mun sare darbejiyar da ke harabar domin a ga gaban ginin daga titi, mun rage tagogi, mun zaɓi abin da zai burge baƙo a ranar buɗewa.

A Maimaitawar Shari'a 22:8 an umarci mai sabon gida ya yi wa rufinsa rawani, domin kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau kan gidan. Ashe Allah yana tambayar mai gini game da lafiyar wanda zai shiga ginin. A Farawa sura 2 kuma, aikin farko da aka ba Adamu shi ne ya nome gonar ya kuma kiyaye ta. Mutanen Aislan sun nome, ba su kiyaye kurminsu ba, jikokinsu suka yi shekara dubu suna tsintar katako a bakin teku. Wanda ya ga yadda itacen girki da gawayi suke cinye dazukanmu ya san wannan labari bai yi mana nisa ba.

Tun ran gini tun ran zane. In ikkilisiyarku tana shirin gini, ku matasa ku je wurin dattawa da ladabi tun kafin a haƙa tushe. Ku tambaya ina rana ke faɗowa, ina iska ke shigowa, ko za a ɗaga rufi a bar mafitar zafi a sama, ko za a sa baranda ta kāre bango, ko za a tara ruwan rufi a tanki. In ginin ya riga ya tsaya, zumuntar matasa za ta iya dasa itatuwa a gabas da yamma da shi a farkon damina, a raba wa kowa nasa, ya yi masa shinge saboda awaki, ya shayar da shi har rani ya wuce. Dashen ranar biki da hoto ba shi da wuya. Bokitin ruwa a watan Maris shi ne aikin.

A ƙarshe, mu koma ga ciyawar da muka fara da ita. Ta kan soronmu da ta kan majami'ar Hof duk ciyawa ce. Ɗaya tana kan ƙasa mai kaurin yatsa, ba mai kula da ita, ta bushe. Ɗayar tana da ƙasa mai zurfi, saiwoyinta sun kama na 'yan'uwanta, kowace tsara kuma tana hawa ta gyara inda ya lalace, shi ya sa ta wuce shekara 140 tana rufe masu sujada. Ubangijinmu ya yi maganar irin da ya faɗi inda ƙasa ba zurfi, a Markus sura 4, ya tsiro da sauri, rana ta ƙone shi. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, bangaskiyarka tana da ƙasa a ƙarƙashinta? Kana karanta Maganar a gida kamar iyalan nan na dararen hunturu, ko sai ranar taro? Saiwarka ta kama ta wani a cikin zumunta, har in ka fara bushewa a sani?

Mu yi addu'a.

Ya Uba, kai ka yi ƙasa da abin da ke cikinta, ka ba mu amanarta. Ka gafarta mana inda muka sare ba mu dasa ba, inda muka yi gini domin a yabe mu. Ka ba dattawanmu da maginanmu hikima, ka ba mu matasa hannun aiki da haƙurin shayarwa. Ka zurfafa saiwarmu cikin Maganarka, ka ɗaure mu da juna cikin ƙauna. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.